Nomau Gagara-Dawa da Baƙuwar Bishiya

Wani mutum ne a Gangaren Maje ana ce masa Nomau. Shi kuwa ya raɗa wa kansa Gagara-Dawa, in ka kira shi Nomau zalla sai ya yi kamar da bango kake. Duk wanda ya taɓa zama a gindin ceɗiyar ƙofar Dagaci ya sha labarin zamansa a daji. Yau ya ce shekara bakwai ya yi, gobe goma sha biyu, ranar da ya sha fura ya ƙoshi kuwa har ashirin sukan kai. Ya kwana a kogon kuka shi da mesa, kowa da ɓangarensa. Ya daka wa giwa tsawa ta saki fitsari. Ya yi damina guda cur ba abin da ya ratsa maƙogwaronsa sai 'ya'yan itatuwa. Saboda haka, in ji shi, daga nan har bakin teku babu ɗan itacen da bai san sunansa da na uwarsa ba.

Gaskiyar magana, Nomau ya yi zaman daji, amma a bakin titi. Shayi ya sayar wa direbobin manyan motoci a wata mahaɗa da ke gefen gandun daji, yana baza kunne in maharba sun fito shan ruwan zafi. Giwa kam ya gan ta, a jikin kwalin garin sabulu. Mutum ɗaya ne ya san haka a garin, taubashinsa Ƙosau wanzami, don ya taɓa kai masa ziyara ya tarar da shi yana fifita gawayi. Sai dai maganar taubashi, ko gaskiya ce tsirara, wasa ake ɗaukarta. Ƙosau ya faɗa, a yi dariya, Nomau ya ɗora daga inda ya tsaya.

Ana nan sai Sarkin Dawan garin ya rasu. Ba ƙaramar kujera ba ce. Sarkin Dawa ne ke sa ranar farauta, shi ke faɗin inda za a yi itace da inda ba za a yi ba, duk naman da aka kaso cinya tasa ce, kuma tabarmarsa tana jikin ta Dagaci. Tun ba a yi sadakar bakwai ba Nomau ya fara gwada naɗi da zanen matarsa Hansai a uwar ɗaka. Ya ƙwallafa rai ƙwarai, ko barci yake rawanin yake gani.

To a daidai wannan lokaci wata bishiya ta tayar wa garin da hankali. A kwarin rafi take, inda ambaliyar shekarun baya ta zubar da tarkace. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda ya kula da ita, sai bana da ta yi 'ya'ya. 'Ya'yan ba su yi kama da kanya ba, ba ɗinya ba, ba magarya ba, ba tsada ba. Wasu 'yan dogaye ne masu gudaji-gudaji, kamar an manne ƙananan duwatsun wuya wuri guda. Su fara kore, su koma ja, su ƙare baƙi wuluk, in sun faɗo su ɓata ƙasa kamar an zubar da shuni. Mata masu zuwa wanki suka ce su fa hankalinsu bai kwanta ba, yara sun fara zagaya ta suna haɗiyar yawu.

Dagaci Barmo ya tara dattawa, aka tsinko reshe guda aka ajiye a kan faifai. Dattijo ne mai sanyin magana, ba ka gane fushinsa ba ka gane murnarsa. Ya dubi jama'a ya ce, "Wa ya san wannan?"

Sai Ƙosau ya yi gyaran murya.

"Allah ya ja zamaninka, ai ba ma cikin duhu. Ga wanda ya san sunanta da na uwarta a zaune."

Ido ya koma kan Nomau. Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin wannan abu ba, ko a mafarki. Amma wurin ƙarya kansa yana ja. Nan take ya auna: in ya ce ana ci, za a tura masa faifan a ce bismillah, fara. In ya ce guba ce, ba mai cewa ɗanɗana mu gani. Sai ya yi zumbur ya ja da baya, ya toshe hanci da hannun riga.

"Subhanallahi! Wa ya tsinko wannan? Maza ya je ya wanke hannu da toka!"

Wanda ya tsinko ya zura da gudu.

"Ranka ya daɗe," in ji Nomau, "a dajin Kudu ana ce mata sallami-dangi. A gabana ɓauna ta lashi ƙwaya ɗaya. Taku uku ta yi, rim! Ungulayen da suka ci ɓaunar ma ba su kai gida ba."

Jama'a suka ɗauki salati. Ƙosau ya karkata kai ya ce, "To gwani, in tsautsayi ya sa wani ya ci, ta yaya za mu gane?"

Nomau ya saci kallon faifan, ya ga yadda ya rine. "Alama ta farko, harshe ya yi baƙi. Alama ta biyu, mutum ya riƙa cewa lafiyarsa ƙalau. Kada ku saurare shi, dafin ne ke magana."

"Maganin fa?"

Da ya ce babu magani da ya huta. Amma Gagara-Dawa ba ya cewa babu. Ya gyara zama, ya shiga lissafo duk abin da ya faɗo masa a rai. A samo ɓawon maɗaci, da jar kanwa, da barkono ɗanye, da kashin jaki wanda bai bushe ba, a jiƙa a tulu. A danne mutum, a ɗaure shi tamau, a aske kansa ƙwal don zafin ya sami hanyar fita, a kafa masa ƙaho a gadon baya. Sannan a toshe masa hanci a ɗura, a bi da gashin kaza a maƙogwaro, in ya amayar a sake ɗurawa.

"Kashin jaki?" in ji wani dattijo, yana yamutsa fuska.

"Na jaki baƙi ya fi, Baba. Da hannuna na ceci mutum tara da shi."

Dagaci ya gyaɗa kai. "To a sare ta mu huta. Kai za ka sare, tunda kai ka san makamarta."

Nomau ya yi wuf ya tari numfashinsa, don shi kansa ya fara tsoron abin da ya ƙaga. "Ba a saranta tana da 'ya'ya, ranka ya daɗe. Ruwanta in ya fantsama, makanta ce. Sai ta gama zubarwa."

"Madalla. To ka tsare mana ita har ta gama. In ta zubar da 'ya'yanta ba mu rasa ko kaza ba, rawanin Sarkin Dawa naka ne."

Haka Nomau ya zama mai gadin bishiya. Ya kewaye ta da shingen ƙaya, ya kafa 'yar rumfa can nesa inda iska ba ta biyowa ta kanta, ya ɗaure hanci da tsumma, ya rungumi gora. Mace in ta zo wanki ya kore ta gaba. Yaro in ya leƙo ya bi shi da jifa.

Ranar nan da azahar yana gyangyaɗi, sai ya ji ƙwas-ƙwas a cikin shinge. Ya buɗe ido. Jar akuyar Hansai ce, wadda take ji da ita kamar 'yar cikinta, ta kutsa ta ƙarƙashin ƙaya tana kalar waɗanda suka zubo. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Ta share gindin bishiyar tas, ta fito tana lasar baki.

Nomau ya ce shi ke nan, akuya ta tafi, rawani ya bi ta. Ya fara shirya yadda zai ɗora wa kura. Ya ƙirga mata taku uku, ba ta faɗi ba. Ta yi talatin, ta yi ɗari, ta tsaya ta yi kashi abinta ta wuce gida. Washegari sai ga ta ta dawo, har da 'ya'yanta biyu. Ya ɗaga kai kuma ya ga tsuntsaye sun cika rassan suna ta shagali, ba wanda ya faɗo. Ya bar akuyar tana shiga kullum yana lura da ita. Ba abin da ya same ta sai sheƙi da ta ƙara.

Rannan dai ya waiga gabas, ya waiga yamma, ya tsallaka shinge. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya baƙa. Ya yi kalmar shahada, ya ɗora a kan harshe, ya runtse ido yana jiran Mala'ika.

Abin da ya zo masa ba Mala'ika ba ne. Wani zaƙi ne mai ɗan tsami-tsami ya tsarga masa har kunne, sanyi ya bi maƙogwaro. Ya buɗe ido ɗaya. Ya ƙara ɗaya don ya tabbatar. Ya ƙara biyar don kada a ce bai yi bincike ba. Kafin la'asar yana bisa reshe, ƙafa a warwatse, hannu biyu na aiki.

Mai hankali da nan zai ruga wurin Dagaci ya ce, ranka ya daɗe, na sake dubawa, ashe ƙanwar waccan ce, wannan ana ci. Da an yi dariya an wuce, yaran gari sun sami abin lasa. Amma Nomau ya dubi rassan nan sun yi lif da 'ya'ya, ya tuna yawan bakunan da ke Gangaren Maje, sai ya ji abin ba zai isa ba. Da ya sauko, ƙaya ya ƙaro wa shingen.

Matsala ɗaya ce, abin yana rina baki. Ya gano haka da ya leƙa fuskarsa a rafi ya ga kamar ya sha tawada. Sai ya samo dabara. Kullum yana tafe da lemon tsami da ƙullin toka da asuwaki a aljihun tsohuwar rigarsa. In ya gama ya dirje harshe har ya yi zafi, ya bi da goro ja, ya shigo gari yana tafiyar wanda ya wuni yana kokawa da mutuwa.

Hansai ta ajiye masa tuwo ya ture.

"Malam, gadin ne ke ƙosar da kai?"

"Tururin dafin nan ne ke kashe mini ci. Ke dai ki yi ta yi mini addu'a."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ikon Allah. Ga ci ya mutu, ga kumatu na fitowa."

Ana haka, ranar kasuwa, wata Bafulatana mai tallar nono ta bi ta kwarin ta hangi bishiyar. Da ta shigo gari ta ce wa mata ita kam ta taɓa ganin irinta a wani mashekari da suka yi can Kudu, kuma kamar yaransu suna sha. Magana ta bazu kafin nononta ya ƙare. Dagaci ya aika a kira Nomau.

Ya zo yana huci. "Ranka ya daɗe, dama akwai alama ta uku, ban faɗa ba ne don kada in firgita mata. In dafin ya hau ƙwaƙwalwa, sai mutum ya fara cewa bishiyar ba guba ba ce, duk abin da aka faɗa a kanta ƙarya ne. Har rantsuwa zai yi, har kuka. Wanda ya kai nan, a ninka masa magani. Ina Bafulatanar? A duba harshenta!"

Baiwar Allah tana jin haka ta suri ƙwaryarta, ko kuɗin nonon ba ta tsaya karɓa ba. Daga ranar ba wanda ya sake cewa uffan. Wa zai yi magana a danne shi?

Nomau bai tsaya nan ba. Don a ga da gaske yake, ya ce a jiƙa maganin tun yanzu a ajiye saboda ko-ta-kwana, gwargwadon daɗewarsa gwargwadon ƙarfinsa. Shi da kansa ya zagaya turakun jakuna ya zaɓo kashi mai ɗumi. Aka cika tulu, aka rufe da faifai, aka ajiye a bayan rumfar Ƙosau, tunda aski da ƙaho aikin wanzami ne. Kafin mako ya zagayo, masu zuwa aski sun koma yi a tsaye, ƙuda ma in ya bi ta kan tulun sai ya canza hanya.

Ƙosau dai yana kallon taubashinsa yana ƙara ƙiba, yana kallon akuyar Hansai da gemunta ya rine. Askarsa kawai yake wasawa.

Kwanci tashi 'ya'yan suka ja baya, ba a rasa ko kaza ba. Dagaci ya cika alkawari, ya sa ranar naɗi, Lahadi da hantsi. Hansai ta karɓo masa sabuwar riga fara sol daga wurin maɗinki, ta jiƙa tsohuwar a ruwan wanki.

Da sassafe Nomau ya saka sabuwar riga, ya ce bari ya je ya yi wa bishiya duban ƙarshe. Dama ya san akwai wani reshe can ƙoli da ya bari ya nuna sosai. Ya tuɓe rigar ya rataye a rumfa don kada ta ɓaci, ya ɗare. Kai, ranar ya yi ci na bankwana. Ya ci na yau, ya ci na gobe, ya ci na baɗi. Duk da haka bai iya cinye su ba, akwai saura da dama a rassa. Ya sauko yana gyatsa, ya wanke hannu da leɓe a rafi, ya zura riga, ya sa hannu a aljihu.

Wayam. Ba lemo, ba toka, ba asuwaki, ba goro. Suna can cikin ruwan wankin Hansai.

Kafin ya yi wani tunani sai ya ji ganga. Dagaci ya turo makaɗa da samari su rako shi, ga su nan sun gangaro kwarin, ana kaɗa taken maharba. Nomau ya tsuke baki gam. Aka gaishe shi, ya ɗaga hannu. Aka yi masa barka, ya gyaɗa kai. Samari suka ce lalle sarauta ta fara shigarsa, mutumin da ba ya rufe baki yau ga shi ya zama dutse.

Ƙofar Dagaci ta cika maƙil. Mata ta bayan zana, dattawa a kan tabarmi, ga rawani fari a naɗe cikin faifai. Aka zaunar da Nomau a tsakiya. Yana ta addu'a a zuci a naɗa a tashi.

Sai dai a Gangaren Maje ba a ɗora wa Sarkin Dawa rawani sai ya miƙe ya yi kirari a gaban jama'a, dawa ta ji muryar sabon mai ita. Haka aka gada. Dagaci ya ce, "Bismillah, Gagara-Dawa."

Nomau ya miƙe. Ya sunkuyar da kai, ya fara ta tsakanin haƙora, "Ni ne... mmm... na Hansai... mmm..."

"Ba ma ji!" in ji wani tsoho.

Ƙosau ya ce, "Wannan ai ko zomo ba zai razana ba. Ko dai shayi za a kawo maka ka gyara murya, taubashi?"

Aka fashe da dariya. Makaɗi ya matso ya zuba masa ganga a kunne, mata suka rangaɗa guɗa. Abin ya motsa Nomau. Mutumin da ya shekara yana jiran ranar da gari zai yi shiru ya saurare shi, yaya za a yi ya haɗiye? Ya manta da komai. Ya daka tsalle, ya ɗaga gora sama, ya wage baki iyakar ƙarfinsa.

"Sai ni Gagara-Dawa! Sai ni dodon giwa, na kwana da mesa! Ni na ci dawa, dawa ba ta ci ni baaa!"

Ya ja ƙarshen da tsawo, harshe a waje.

Ganga ta tsaya cak. Guɗa ta maƙale. Harshen nan baƙi ƙirin kamar na tunkiya, dasashi baƙi, haƙora sun koma shuɗi.

Ƙosau ne ya fara ihu, har da dafe kai. "Wayyo taubashina! Alama ta farko! Sallami-dangi ta kama shi a bakin aiki! Jama'a ku taimaka!"

"Kai, tsaya! Lafiyata ƙalau!"

"Alama ta biyu!" jama'a suka amsa baki ɗaya.

Ya juya zai zura, samari suka yi masa caa. Tim, sai ga shi a ƙasa, wani a ƙafa, wani a ƙugu. Aka nemi igiya ba a samu kusa ba, wani ya warware rawanin da ke cikin faifai aka ɗaure masa hannuwa ta baya da shi. Ƙosau ya zaro aska. Dama a wase take. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, kafin ka ce kwabo kan Nomau ya koma kamar ƙoƙon duma. Aka yaye sabuwar riga aka jera masa ƙaho a baya.

Sai ga tulu an ɗauko, mutum biyu na riƙe da shi, kowa ya kau da fuska. Da aka ɗaga faifan, dattawan sahun gaba suka koma sahun baya.

Nomau ya ga abin da gaske ne. Ido ya raina fata.

"Ranka ya daɗe! Don girman Allah a tsaya! Ƙarya na yi! Wallahi ba guba ba ce! Ban san bishiyar ba, ban taɓa ganinta ba, sunan ma ni na ƙaga! Zaƙi gare ta kamar zuma, kullum sai na sha!"

Ƙosau ya girgiza kai, ya share hawayen da babu. "Alama ta uku. Ya hau ƙwaƙwalwa. Har da rantsuwar, kamar yadda ya faɗa. Ranka ya daɗe, me gwani ya ce a yi wa wanda ya kai nan?"

Dagaci Barmo ya shafa gemu, yana kallon Nomau. Can ya ce a hankali, "Cewa ya yi a ninka."

"Ku tambayi akuya!" Nomau ya ƙwala. "Akuyar Hansai! Da ita na gwada, kullum sai ta ci, ga ta can garau!"

Sai aka ga zana ta buɗe. Hansai ta fito, ta ɗaure gyale a ƙugu.

"Akuyata? Jar akuyata ka sa wa ido tana cin abin da ka ce yana kashe ɓauna?" Ta durƙusa a kansa. "Ku matsa. Ni zan riƙe hancin."

Ta kuwa riƙe, riƙon da ba na ceto ba. Ƙosau ya cika ludayi. Ƙwat! Ƙwat! Ƙwat! Nomau ya ji maɗaci ya gaisa da barkono a maƙogwaronsa, kanwa ta bi bayansu, sannan babban baƙo ya iso, wanda shi da kansa ya zaɓo mai ɗumi. Aka bi da gashin kaza. Ya amayar har da na shekaranjiya. Aka sake ɗurawa, tunda haka gwani ya ce.

Tsakanin ludayi da ludayi, ta cikin hawaye, ya lura taron yana raguwa. Samari suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, mata suna bi da ƙore, yara kuwa tuni ƙurarsu ta ɓace wajen kwari. Bai gane ba, don lokacin ta ransa yake.

Sai da tulu ya koma rabi aka kwance shi. Aka jingina shi da ceɗiya, kai na ƙyalli, baya duk tabon ƙaho, sabuwar riga ba ta moruwa. Rawanin yana yashe a gefe cikin ƙura. Ya daɗe yana nishi kafin idonsa ya washe.

Abin da ya fara gani yara ne suna tsalle, bakunansu baƙi. Ya ga mata suna dawowa da ƙore, suna dariya da shuɗɗan haƙora. Ya ga tsohon da ya ce ba ya ji yana tsotsar yatsa. Ƙosau na gefe yana wanke aska, kumatu cike. Hansai ma ta sami rabonta a gefen zane, tana ci tana miƙa wa akuya.

Ya juya wajen Dagaci. Dattijon yana zaune a kan buzunsa da 'yar ƙwarya a cinya, yana ɗauka ɗaya-ɗaya cikin natsuwa.

"Sannu, Nomau," in ji shi. "Jiki ya yi sauƙi?" Ya yi murmushi, sai ga harshe baƙi wuluk.

Nomau ya tattaro sauran muryarsa. "Ranka ya daɗe... kai ma ka ci?"

"Na ci. Ba laifi, akwai zaƙi."

"To ashe... ashe kun yarda ba guba ba ce?"

"Tun da ka ce ƙarya ka yi muka gaskata ka. Shekara nawa muna zaune da kai, ai ba mu taɓa jin magana mai kama da gaskiya a bakinka kamar wannan ba."

"To don me... don me aka ɗura mini?"

Dagaci ya jefa wata ƙwayar a baki, ya tauna, ya haɗiye.

"Haba Nomau. Magani an riga an jiƙa, kai da kanka ka sha wahalar zaɓo kayan haɗi, sai a bari ya lalace?" Ya waiga wajen wanzami. "Ƙosau, rufe sauran rabin nan ka adana masa, ko labarin giwar zai sake taso masa."